Hancin Gada da Ƙullin Toka

Gonarmu ta gado tana gabas da Zariya, bayan an haye kogin Galma an bi hanyar Soba, kuma ƙarshenta na kudu ya gangara cikin wata fadama mai kurmi wadda ƙoramarta ke malala yamma. A shekarar da nake ba da labarinta na shuka wake a gefen dawa, ya yi kyau ƙwarai, amma tun tsakiyar Oktoba mai kula da gonar ya riƙa aiko mini cewa wani abu yana cinye ganye da ɗanyen wake a kunyoyin da ke bakin kurmin. Da na je na duba sawun, sai na ga ƙaramin kofato ne mai tsini wanda bai kai na akuya faɗi ba. Ni malamin makaranta ne, a Tudun Wada nake zaune, ban tashi cikin harbi ba, saboda haka na wuce ƙauye wurin kawuna, wanda ya haura shekara 40 yana shiga daji, kuma yana da bindigar toka mai lasisi.

Ranar Juma'a ce, daga masallaci na kama hanya. Na durƙusa na gaishe shi, na kwatanta masa sawun, bai ma bari na gama ba ya ce gada ce. Daga nan ya matso kusa da ni, ya ja numfashi sau biyu, ya ce, "Ɗan nan, da wannan jikin za ka je mata? Ga turare, ga sabulun kanti, ga hayaƙin babur, ga guga a rigarka. Ni da hancina ya tsufa na ƙirga huɗu, ita kuwa za ta ƙirga waɗannan, sannan ta tarar da mutum a ƙarƙashinsu." Na ce, "Kawu, to a ba ni maganin da ke ɓoye warin mutum." Ya ce babu shi, kuma duk wanda ya sayar mini da irinsa kuɗina kawai ya ci. Abin da ake iyawa shi ne a rage warin, sannan a san inda iska za ta kai ragowar.

Ragewar ce muka fara da ita, kuma ba ta da wuya. Ya ba ni wata tsohuwar riga da wando masu launin ƙasa, aka wanke su a ƙorama da ruwan toka ba tare da sabulu ba, aka shanya su a kan sabara nesa da gida, sannan aka ɗan turara su da hayaƙin karan dawa, domin a kaka babu ƙaurin da dabbar daji ta saba da shi kamar wannan. Bayan haka aka cusa su cikin buhu tare da ganyen kalgo da na doka, aka rataye buhun a rumbu, ba a ɗakin kwana ba. Ya hana ni shafa mai, ya hana ni cin abinci mai tafarnuwa ko daddawa da yawa a ranar fita, ya ce in ajiye babur a ƙauye mu taka da ƙafa, kuma kada in sa kayan sai mun bar gidaje. Takalmin fata na cire, na sa na roba wanda aka goga wa taɓon fadama. A raina na ɗauka an gama, tunda ko ni kaina ba na jin komai a jikina sai ƙauri da ɗanyen ganye.

Abu na ƙarshe da ya miƙo mini shi ne wani ɗan ƙulli na tsumma mai sako-sako, girmansa bai wuce goro ba, cike da lallausar toka. Idan aka kaɗa shi da yatsa, tokar takan fita kamar hayaƙi, ta nuna inda iska ta dosa ko da fatar mutum ba ta ji motsin komai ba. Ƙa'idar a bakinsa gajeriya ce: iska ta bugi fuskarka, kada ta bugi ƙeyarka.

Fitarmu ta farko ya bar ni na zaɓi wurin dako da kaina, kuma daga baya na gane da gangan ya yi. Na zaɓi bayan wani suri da ke saman gonar, inda mutum ke hango kunyoyin waken duka har zuwa bakin kurmi, nisan da bai wuce taku 60 ba. Da la'asar na kaɗa toka, ta dawo kaina, domin a ƙarshen Oktoba akwai sauran iskar damina mai tasowa daga kudu maso yamma, ni kuwa kudu nake fuskanta. Na gamsu, na mayar da ƙullin aljihu, ban sake waiwayarsa ba. Rana na faɗuwa iskar ta kwanta, wuri ya yi tsit, na ji wani sanyi-sanyi a bayan wuyana amma ban kawo komai a raina ba. Can sai ganyen bakin kurmi ya motsa, ta fito da rabin jikinta, launinta tsakanin toka da ƙasa, da ɗan tukku a tsakiyar kai. Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta ɗaga hanci sama, ta lashe shi, ta karkata kai hagu da dama tana shaƙa a gajarce, kunnuwanta suna juyawa kowanne da nasa ɓangaren. Ba ta dubi surin ba ko sau ɗaya, kuma na tabbata ban motsa ba. Sai ta yi wani huci mai kaifi ta hanci, ta dunƙule, ta faɗa cikin kurmi kamar mai nutso a ruwa, muka ji ƙarar ganye ta yi hagu, ta yi dama, ta ɓace.

Kawu bai yi mini faɗa ba, sai ya ce in kaɗa tokar. Na kaɗa, na ga ta sauka ƙasa-ƙasa tana bin kunya, tana gangarawa kai tsaye zuwa wurin da gadar ta tsaya. A nan ya yi mini bayanin da har yau nake ganin shi ne rabin sana'ar. Idan rana ta faɗi ƙasa ta huce, iskar da ke dab da ita takan yi sanyi ta yi nauyi, ta riƙa malala daga tudu zuwa kwari kamar yadda ruwa ke yi, tana ɗauke da warin duk abin da ta ratsa. Da hantsi kuwa, idan rana ta gasa ƙasa, sai ta juya ta riƙa hawa. Wanda ya zauna a tudu da almuru, dabba tana kwari, ya aika mata da saƙo ke nan, komai wankan tokar da ya yi. Wurin da na zaɓa ya dace da ido, kuma ido ne kawai na tuntuɓa.

Washegari da safe ya zagaya da ni bakin kurmin don in ga yadda take rayuwa a wurin. Ya nuna mini 'yar siririyar hanyar da ta tattake cikin ciyawa, da inda take tara kashinta ƙanana masu tsini, sannan ya durƙusa gaban wani reshen marke da bai wuce gwiwa tsawo ba, ya nuna mini bakinsa da wani ɗan danƙo baƙi-baƙi a jiki. Gada tana da tsaga a ƙarƙashin kowane ido, daga nan take fitar da wannan danƙon, ta goga shi a tsinke ko reshe don 'yan'uwanta su san wurin yana da mai shi. Tsakanin kofatanta ma akwai wata kafa mai fitar da wari, saboda haka duk inda ta taka ta bar shaida. Kafin ya hana ni, na riga na kama reshen da yatsu biyu na kai hanci. Ya girgiza kai ya ce, "Ka sa hannu a wasiƙarta." Kwana huɗu a jere mai kula da gonar bai ga sabon sawu a wannan hanya ba. Da muka bincika, sai muka tarar ta buɗe wata mafita can gabas, wajen wata kanya, kuma ta daina fitowa da almuru, sai dare ya raba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan dabba kullum cikin warin mutane take. Manoma suna wuni a kunyoyin nan, mata suna tsinkar wake, Fulani suna ratsawa da shanu zuwa mashaya, yara suna kunna wuta su gasa gyaɗa, amma duk wannan bai hana ta cin wakena ba. Me ya sa yatsuna biyu a kan reshe suka kore ta? Kawu ya ce ba warin mutum kaɗai take aunawa ba, tana auna sabo ne ko tsoho, da yawa ne ko kaɗan, a ina yake, kuma a wane lokaci. Warin manomi a tsakiyar gona, wanda rana ta dake shi tun azahar, labari ne da ta saba ji, ta san mai shi ya tafi gida. Warin mutum ɗanye a bakin ƙofarta da magariba, ko a kan alamar da ita ta sa, wannan wani labari ne dabam.

Da ya ga ina son gani da idona, sai ya shirya mini gwaji a sabuwar hanyar tata, inda akwai yashi mai laushi. Muka shiga da azahar, lokacin da take kwance can cikin duhuwa, ya share yashin da reshen ganye har ya yi sumul. A dare na farko muka rataye tsumma da aka ɗiga wa turare, wanda aka ɗauko da tsinke ba da hannu ba. Da safe sawun ya ba da labarinsa dalla-dalla: ta zo, ta tsaya nesa kaɗan inda kofatan suka nitse wuri ɗaya, ta zagaya ta ɓangaren da iska ke kai mata ƙamshin, ta matso har kusan taku uku, sannan ta ratse ta gefe ta wuce wurin cinta. Dare na biyu ba ta ma tsaya ba, ta dai kauce masa kaɗan. Bayan mun cire tsumman mun bar wurin ya huta kwana uku, sai muka rataye hular da na wuni da ita a ka. Wannan karon sawun bai kusanci wurin ba. Taku kusan 20 kafin hular ya tsaya, sai ga rami huɗu masu zurfi inda ta taka ta yi tsalle, daga nan babu komai sai cikin ciyawa. Baƙon ƙamshi ya sa ta shakka da bincike, kuma ta saba da shi cikin kwana biyu da ta ga bai zo da cuta ba. Gumin kaina kuwa bai bar mata abin bincike ba, domin ta riga ta san mai shi.

Wannan ne ya sa na daina yarda da masu cewa a shafa wani abu mai ƙarfi don ya danne warin jiki. Hancinmu ne ke dannuwa, har ƙamshi ɗaya ya rufe wani. Nata yana rarrabewa, kamar yadda mace mai iya girki ke ɗanɗana miya ta faɗi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shafa turare a kan gumi ya ba ta dalili biyu na tsayawa maimakon ɗaya. Haka ma kan burtu da maharba ke ɗaurawa a goshi su yi sanɗa suna kwaikwayon tafiyar tsuntsun, dabara ce mai kyau, amma ido take yaudara. Kawu ya ce bai taɓa ganin mai burtu ya kusanci dabba iska tana bayansa ba.

Da na koma gari na ba wani ɗan yayata labari, wanda ke karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, sai ya ƙara mini haske ta fuskar da Kawu ba ya bi. Ya ce a can cikin hanci akwai wani shimfiɗaɗɗen nama mai ɗauke da ƙwayoyin da ke kama wari, kuma a dabbobi masu dogon hanci yana nannaɗe a kan siraran ƙasusuwa, don haka faɗinsa ya ninka namu nesa ba kusa ba. Ire-iren makaman warin ma sun bambanta: wani bincike da masana a Jami'ar Tokyo suka fitar a 2014 ya nuna mutum yana da kusan iri 400 masu aiki, saniya tana da fiye da 1,000, giwa kuwa kusan 2,000, ga shi gada da barewa dangin saniya da akuya ne. Lasar hancin da na ga ta yi ma ba banza ba ce, domin danshi ne ke kama wari, kuma jiƙaƙƙen hanci yana jin ɓangaren da iska ke fitowa. Akwai kuma wata gaɓa ta daban a saman ganda, wadda kowane mai kiwo ya san aikinta ko bai san sunanta ba, domin ita bunsuru ke amfani da ita idan ya sansana fitsarin akuya ya ɗaga kai ya yage leɓe. Game da mu kuwa, ya ce gumi da kansa ba shi da wani wari sosai, ƙananan halittun da ke zaune a fata ne ke sarrafa shi su fitar da tsami, fata kuma kullum tana zubar da ɓurɓushi, numfashi yana fita, kuma babu wankan da ke tsayar da waɗannan fiye da ɗan lokaci.

Shi ne kuma ya nuna mini hotunan dabbar da ake farauta a Amurka da Turai, mai ƙaho mai rassa wanda ke zubewa ya sake tsirowa duk shekara. Mu kan kira ta barewa don kamannin jiki, amma jinsinta dabam ne, kuma a Afirka ba a samunta sai a dazuzzukan arewa, wajen Aljeriya da Tunisiya. Ta Amurka mai farin bindi, idan ta ji abin da ba ta yarda da shi ba, takan buga ƙafar gaba a ƙasa, ta yi huci, ta ɗaga bindi ta ruga. Maharban can suna sayen sabulu marar ƙamshi, da tufafi masu gawayi a ciki, da fitsarin mace a kwalba don jawo namiji, amma duk da haka suna yawo da 'yar kwalbar garin hoda da suke fesawa su ga inda iska ta nufa. Da na gaya wa Kawu, ya ce ashe su ma ga toka suka koma.

Ba mu sake zaman dako ba sai ƙarshen Nuwamba. An riga an cire wake, gadar ta koma kan ganyen dankalin lambun fadama da 'ya'yan kanya masu zubowa, hunturu kuma ya kankama, iska ta tsaya daga arewa maso gabas. Bushewar hunturu tana taimakon maharbi ta fuska ɗaya, domin wari ba ya daɗewa a busasshiyar ƙasa kamar yadda yake manne wa ciyawa mai raɓa, amma tana cutarsa ta wata fuskar, tunda kowane ganye ya zama ƙararrawa. Na kawo shawarar mu tsare mashaya, ya ce gada ba ta damu da ruwa ba, abin da take ci yana isar ta, kanyar za mu tsare. Wannan karon shi ya zaɓi wuri, gindin wata tsamiya da ke kudu maso yamma da kanyar, kuma ƙasa da ita a gangaren ƙorama. Hikimar ita ce, ko hunturu ya ci gaba da kaɗawa, ko ya kwanta sanyin almuru ya fara malala, duka biyun za su ɗauke warinmu su yi yamma da shi, nesa da duhuwar da take kwana. Don kada mu ƙetare hanyarta, sai da muka yi zagaye mai nisa ta yamma, muka biyo cikin ƙoramar, tafiyar da ta ci mana fiye da awa ɗaya maimakon minti 15. Muka tafi a hankali don kada mu yi gumi, muka yi sallar la'asar tun a nesa, muka zauna.

Na riƙa kaɗa tokar lokaci-lokaci, kuma sau biyu na ga ta yi jinkiri ta juya kafin ta koma hanyarta, gabana ya faɗi. Ta farko da ta fito ba ta da ƙaho, kuma ta fi wadda na gani a Oktoba cika. Kawu ya dafa gwiwata, alamar kada in motsa. Mace ce, kuma a ƙa'idarsa ba ya harbin mace, domin takan ɓoye ɗanta a ciyawa makonni tana zuwa ba shi nono, wanda ya kashe ta ya kashe biyu. Ina ganin wannan ƙa'ida ta fi ƙarfin ra'ayin mutum ɗaya, idan aka dubi yadda dajin ya koma. Dattawan ƙauyen suna ba da labarin gwanki da kanki da barewa a wuraren da yanzu masara ce, kuma farautar gayya da karnuka da cinna wa daji wuta ba ta barin babba ko ƙarami. Irin su gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, an haramta farauta a cikinsu ne saboda wannan. Macen ta yi kiwonta a gabanmu, taku 25 tsakani, ta ɗaga kai ta shaƙi iska ya fi sau goma, ba ta sami komai a ciki ba, ta koma ta ci gaba da tsintar kanya har ta ƙoshi ta shige.

Namijin ya fito dab da duhu, da gajerun ƙahoni miƙaƙƙu. Ya tsaya a wani tsinke ya goga gefen fuskarsa, hagu sannan dama, ya matso gindin kanyar. Kawu ya ɗaga bindiga a hankali, ya yi bisimilla, ya harba. Muka tarar da shi da sauran rai, Kawu ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka, ya kankare ƙasar da jini ya zuba ya binne, ya ce kada a feɗe a nan, a kai gida.

A hanya ya gaya mini cewa ƙarnin jini da ƙaurin albarushi da sawunmu za su rufe wurin na ɗan lokaci, kuma kada kowa ya je gindin kanyar. Na bar wa mai kula da gonar saƙo ya riƙa duba yashin daga nesa ba tare da ya taka shi ba. Kwana tara babu komai sai sawun zabi da na kurege. A rana ta goma ya aiko cewa ƙaramin kofato ya dawo, amma ba ta tsohuwar hanyar ba, ta zagayo ne ta kudu, ta gindin tsamiyar da muka zauna, ta tsaya a nan kofatanta sun nitse wuri ɗaya, sannan ta hau zuwa kanyar iska tana bugun fuskarta.